Idan kaska ta hau malami, me ya rage wa ɗalibi?

Makanikin Ƙofar Ruwa: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare yaran shagona suka tsare ni sai na kalli ƙarshen zangon farko na katun ɗin Young Justice, kashi na 26, a wayar ɗayansu. Wanda bai gani ba ya tsallake, don zan fasa ƙwai.

Wani tsohon mugu, Vandal Savage, ya samu guntun naman wata halitta da ba ta duniyarmu ba. Aka haɗa shi da na'ura da tsafi, aka bi manyan Justice League, ƙungiyar jarumai ta su Batman da Superman, ana liƙa musu a wuya. Da abin ya taɓa fata sai ya nutse, mutum ya koma raƙumi da akala. Batman, Superman, Flash, kowa ya durƙusa. Sai yara takwas, ɗalibansu, suka hau tashar manyan ta sararin samaniya suka kwantar da iyayen gidansu ɗaya bayan ɗaya.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Robin shekararsa 13 a farkon labarin. Ta ina yaron da kai ka koya wa riƙe sifana zai kayar da kai? Abin da ya fi ba ni haushi, lokacin da Batman ya faɗi yarana suka juyo suna kallona suna murmushi.

Bazazzage: Oga, ka fara duba ƙeyarka kafin ka kwanta. Murmushin nan ba na banza ba ne.

Autan Hajiya: Oga, da girmamawa, ka sake kallo a nutse. Babu yaron da ya fi ubangidansa ƙarfi a wurin. Robin ya gwada Batman gaba da gaba ya sha kashi, Superboy ma haka a hannun Superman. Sai da suka haɗa kai, Superboy ya wurga Robin ya bugi Batman, sannan Robin ya fito da kryptonite, koren dutsen nan da ke kashe wa Superman jiki. A ina ya samo dutsen? A ma'ajiyar Batman. Su Kid Flash da Artemis da Aqualad kuwa ƙofar tashar suka buɗe iska ta ja iyayen gidansu, suka rufe, manyan suka bugu da ƙofar. Zatanna ta sa Captain Marvel ya furta kalmarsa ya koma yaro ɗan shekara 10. Duk dabara ce ta wanda ya zauna da kai ya san inda ɗakinka ke yoyo. Kuma ba kashe su suka je yi ba, magani suka je manna musu.

Makanikin Ƙofar Ruwa: Ka ga ka ƙara mini hujja, Auta. Wato yaron ya san lambar akwatin ubangidansa tun tuni, ya yi shiru. A kasuwa wannan suna gare shi.

Malam Na-Zane: Bari na sa baki, don labarin ya girmi katun ɗin da shekara 50. Sunan halittar Starro. Siffarsa irin ta wata dabbar teku ce mai hannu biyar kamar tauraro, da ido ɗaya a tsakiya. Ya fara fitowa a littafin zane The Brave and the Bold lamba 28, a 1960, Gardner Fox ya rubuta, Mike Sekowsky ya zana. A wannan fitowar ce kuma aka fara ganin Justice League kanta, wato shi ne abokin gabarsu na farko da masu karatu suka gani.

Ga abin da zai ba Oga haushi. A labarin, an mallake hankalin mutanen wani gari mai suna Happy Harbor baki ɗaya, ban da yaro ɗaya, Snapper Carr. Ba shi da wata baiwa, ba ya tashi sama, ba ya gudu. Farar ƙasa ce yake barbaɗawa a ciyawar gidansu ta bule masa jiki, shi ya sa abin bai kama shi ba. Da jaruman suka gano haka sai suka lulluɓe Starro da farar ƙasa. Fox bai ƙirƙiro wannan daga kansa ba, masu kiwon kawa a gaɓar tekun Amurka sun daɗe suna zuba ta don kashe waɗannan dabbobi da ke cinye musu dukiya.

Ƙananan da ke manne wa mutum a fuska daga baya suka zo, a Justice League of America lamba 189 da 190, a 1981. Masu Young Justice sun san tarihin nan sarai. Kogon da yaran ke zama a Happy Harbor yake, kuma malamin makarantar su Superboy da Miss Martian shi ne Carr ɗin, ya girma.

Maman Biyu: Ikon Allah. Malam, wato shekara da shekaru 'ya'yana na cika mini kunne da sunayen nan, ashe maganin dodon farar ƙasar shafen ɗaki ce.

Ɗan Damagaram: Ni ina da ja a kan tushen maganar. Abin da Oga ya kalla ba mamaya ba ce. Halittar a daskare aka tsince ta, aka ajiye ta a Atlantis, masarautar ƙarƙashin teku, mutane suka sace guntunta suka yi makami. Mugun ɗan Adam ne, baƙon kayan aiki ne kawai. In ana son ganin mamaya ta gaske, wadda malami da ɗalibai suka shiga tsaka mai wuya, a je littattafan zane na kamfanin Marvel a duba halittun da ake kira Brood. Malam ya fi ni sanin lambobin.

Malam Na-Zane: Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Brood sun fara bayyana a Uncanny X-Men lamba 155, a 1982, aikin Chris Claremont da Dave Cockrum. Su ba mannewa suke yi ba. Sarauniyarsu ƙwai take dasa wa mutum a ciki. Kana tafiyarka, kana cin abincinka, ƙwan na girma, ranar da ya ƙyanƙyashe jikinka ya rikiɗe ya zama nasu, kai kuma ka tafi, har baiwarka ta zama gadonsu. An dasa wa X-Men gaba ɗaya a can duniyar Brood. Wolverine ne ya fara kuɓuta, saboda jikinsa mai warkar da kansa ya kashe ƙwan. Daga nan ya zauna da sanin cewa in babu mafita shi zai kashe abokansa da hannunsa, har da Kitty Pryde da ba ta wuce shekara 14 ba.

A nan gida kuwa, Farfesa Xavier, malamin X-Men, ya ɗauka ɗalibansa sun mutu. Ya tara sabbin yara biyar, New Mutants: Cannonball, Sunspot, Wolfsbane, Karma da Dani Moonstar. Ashe shi ma akwai ƙwan sarauniya a cikinsa. A lamba 167, a 1983, X-Men suka dawo suka fasa gidan don su kama shi kafin ya rikiɗe. Yaran na zaune suna kallon talabijin sai suka ga baƙi sun faɗo suna neman malaminsu. Me suka yi? Suka tashi suka tare. Iya ƙarfinsu suka yi faɗa suna kare shi, alhali abin da suke karewa ya riga ya cinye shi daga ciki.

To Oga, ga yaran da kake so, masu biyayya. Da sun yi nasara a ranar, su za a fara dasa wa ƙwai.

Makanikin Ƙofar Ruwa: Malam, wannan ta shige ni. Amma ban ga laifinsu ba. Ko ni aka faɗo shago za a taɓa wanda ya koya mini aiki, sai na ɗauki ƙarfe kafin na tambayi dalili.

Autan Hajiya: Babu wanda ya ce suna da laifi, Oga. Ba a gaya musu komai ba ne. An kawo su gida, ba su san waɗanda suka riga su ba sai a hoto.

Anti Nas: Ina karanta ku tun ɗazu ina dariya, don ku kuna ganin tatsuniya, ni kuwa aikina nake gani. Malam, wannan Brood ɗin ai zanzaro ne. Ku dubi gidan laka da yake ginawa a kusurwar ɗaki. Yakan harbi tsutsa ko gizo-gizo, ba ya kashewa, sandarar da su kawai yake yi, ya sa a ciki, ya yi ƙwai a kai, ya toshe. Ɗan ya ƙyanƙyashe ya tarar da nama ɗanye yana jiransa. Muna yara mun sha fasa gidan mu ga tsutsotsi, mu ce ajiyar abinci ya yi, ba mu san da ransu ba.

Mai juya wa mutum hali kuwa, wanda ya kai shekaruna ya san kurkunu. Ka sha ruwan tafki, ka manta. Sai bayan kusan shekara ƙafa ta yi ƙurji mai zafi kamar garwashi, babu abin da kake so sai ka tsoma ta a ruwa. Kana tsomawa tsutsar ta zubar da 'ya'yanta, gari ya sake sha. Kai kana ganin sauƙi ka nema wa kanka, ashe aikenta ka je. Tsawonta yakan kai mita guda, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga fiye da mutum 650,000 da ita a Najeriya. Babu allura, babu ƙwaya. Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyar burtsatse, da bi gida-gida ana faɗakarwa aka gama da ita, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013. Don haka da Malam ya ce farar ƙasa, ban yi mamaki ba ko kaɗan.

Ɗan Damagaram: Mu ma a Nijar a 2013 ɗin aka ba mu takardar, Anti. Maƙwabtanmu na Chadi ne har yanzu ke fama, can har karnuka take kamawa.

Bazazzage: An fara da Batman an ƙare a tafki. Wannan gida sai ku.

Anti Nas: Ɗana, ai ban bar maganar ba. Abin da nake so Oga ya gane shi ne mai cutar ba ya jin yana da ita. In ka ce wa mai kurkunu kada ya shiga tafki, a lokacin gani yake mugunta kake masa. Wani ne daga waje zai riƙe shi. In babban gida ne ya kamu, wa ya rage ya riƙe shi in ba na ƙasa da shi ba? Na taɓa kwana uku ina danne babana da ƙannena saboda zazzaɓi ya taɓa masa kai yana neman fita titi. Ya zage mu tas. Da ya warke bai tuna ko ɗaya ba.

Makanikin Ƙofar Ruwa: Allah ya saka miki, Anti. Danne mara lafiya daban, na yarda. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Inda nake tsoro shi ne wa ke yanke hukuncin cewa babba ya kamu? Yau na hana yaro fita da motar kwastoma, gobe ya ce ai Oga ba shi ba ne, wani abu ya hau shi.

Autan Hajiya: Katun ɗin ya amsa wannan, Oga. Yaran ba zato suka yi ba. Batman ya zo kogon ya yi musu bayani lafiya lau, amma Robin ya ji wata kalma a bakinsa wadda ya san ba ya kiran su da ita. Zatanna ta ji ƙamshin tsafi. Red Tornado, da yake na'ura ne, ya samu ya shirya yadda injinsa zai tsaya kafin abin ya gama kama shi, suka same shi da guntun a hannu, suka mayar da hankalinsa wani jiki, ya ba su labari. Bayan haka ma ba su ruga ba, sai da suka kai guntun wajen masana, har da na Atlantis, aka haɗa makari. Shaida uku kafin su ɗaga hannu.

Akwai kuma abin da ban ji kowa ya ambata ba, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan zangon. Kashi na 25, kwana ɗaya kafin wannan. Duk tsawon zangon mugayen na riƙe da yara uku da asirinsu. Superboy rabin jininsa na Lex Luthor ne, babban abokin gaban Superman. Artemis 'yar Sportsmaster ce, Cheshire yayarta ce. Miss Martian ta ɓoye ainihin siffarta don tana jin kunyarta. Sai ukun suka zauna gaban abokansu suka faɗi komai da bakinsu, igiyar ta tsinke. Su kuwa manya a ranar suka yi bikin shigar da Red Arrow cikinsu, mutumin da ya fi kowa zargin yaran da cewa akwai munafuki a cikinsu. Ashe shi ne, kuma shi kansa bai sani ba, kwafinsa aka yi aka dasa masa umarni. Shi ya bi su ya liƙa musu abin. Bangon manya ne ya tsage, na yara an riga an yaɓe shi.

Maman Biyu: Auta, ka yi magana. Ni abin da na riƙe a zangon duka Superman ne. An yi yaro, Superboy, daga jininsa ba da saninsa ba, na ji, abin da ciwo. Amma wata shida yaron na bin sa da ido yana kauda kai. Ko a lokacin babu wata kaska a wuyansa, lafiyarsa ƙalau. Sai da yaron ya riƙe shi aka manna masa magani sannan ya iya tsayawa ya yi masa magana kamar mutum. Da na kalla da 'yan biyuna sai da na ce musu wannan da ɗan uwana ne da ya ji daga bakina.

Malam Na-Zane: Xavier ma bai fi shi ba, Maman Biyu. Bayan an ceto shi, an mayar da hankalinsa sabon jiki da aka yi masa, hukuncin farko da ya yanke shi ne ya sauke Kitty daga X-Men ya mayar da ita ajin yara. Yarinyar da ta je wata duniya ta dawo da rai. Shafin farko na fitowa ta gaba ita ce a tsaye tana nuna yatsa tana zaginsa.

Makanikin Ƙofar Ruwa: A nan kam ina bayan Farfesa. Don yaro ya tsallake rijiya sau ɗaya ba za ka ce ya riƙa kwana a bakinta ba. Kuma kada ku manta da sa'o'i 16. Manya shida sun ɓace na wannan lokaci suna ƙarƙashin Savage, babu wanda ya san inda suka je, yaran da duk wayonsu ba su hana ba. Yarana sun ce sai a zango na biyu, bayan shekara biyar, aka gano wata duniya aka tura su suka yi ɓarna, har aka kai su kotu. To ina nasarar?

Ɗan Damagaram: Rimbor sunan duniyar. Kuma wannan ɓarnar ce ta sa idon baƙi ya dawo kan duniyarmu, har wasu baƙi da ake kira Reach suka zo. A nan ne abin ya juye, Oga, don a zango na biyu yaro ne abin ke manne wa: Jaime Reyes, Blue Beetle, da ƙwaron da ya kama masa ƙashin baya yana masa magana a ka.

Amma tunda Oga ya tambayi wa ke yanke hukunci, ga tambayar da ta fi damuna. Doctor Fate. Hular da yake sawa akwai wani tsohon ruhi a cikinta, Nabu, duk wanda ya sa ta ya karɓe masa jiki. Zatanna ta sa don ta ceci mutane, Nabu ya ƙi sakinta, ubanta Zatara ya ce a ɗauke shi a madadinta. Tun daga ranar yarinyar ba ta da uba, yana tsaye gabanta amma wani ne ke magana. Me League ta yi? Ta bar shi a kujerarsa, ana shawara da shi. Ku gaya mini bambancinsa da Starro, ban da cewa wannan yana yi musu aiki.

Autan Hajiya: Zatara da bakinsa ya yarda, Yaya.

Anti Nas: Yardar wanda aka riƙe wa 'ya? A asibiti ko hannu mutum ya sa a takarda a irin wannan hali ba ma kiranta yarda.

Malam Na-Zane: Ɗan Damagaram ya ɗaure ni, ban da amsa mai gamsarwa. Abin da zan ƙara kawai, marubutan baya sun yi ta juya wannan tambaya. A fim ɗin The Suicide Squad na 2021, 'yan sama jannatin Amurka ne suka kamo Starro yana shawaginsa, aka kulle shi shekara 30 ana gwaji a kansa, sannan ya fito ya yi ɓarna. A littattafan Justice League na Scott Snyder kuwa Batman ya raini guntun Starro a cikin kwalba, ana ce masa Jarro, yana kiran Batman baba, burinsa ya zama Robin. Su ma X-Men a 2011 sun ɗauki wani ɗan Brood mai suna Broo a makarantarsu, da tabarau da kayan makaranta, ya fi kowa ladabi a aji.

Bazazzage: Wato kaskar ma an sa ta a makaranta. Oga, ka ji, ko da abin ya hau ka kada ka damu, yaranka za su nema masa gurbin koyon gyaran birki.

Makanikin Ƙofar Ruwa: Kai dai Allah ya shirye ka. Ni har yanzu ina nan a kan cewa Robin ya yi bayanin yadda ya buɗe ma'ajiyar nan. Amma maganar hular ta tsaya mini a wuya. Auta, a wane kashi ne uban ya sa ta? Kuma yana cire ta daga baya ko haka yarinyar ta girma?

Autan Hajiya: Kashi na 19, Oga, wanda aka raba duniya biyu, manya a ɗaya yara a ɗaya. Ta biyun ba zan faɗa ba, sai ka kai zango na huɗu.

Makanikin Ƙofar Ruwa: Zango huɗu! Da wane datan? Bari yaran su zo da safe, wanda ya fi yin murmushi jiya shi zai tura mini.